Taubashina Da Ya Mai Da Ni Gwangwani

Daga Allah muke, gare shi kuma muke komawa, wasu da sassafe wasu da yamma. Taubashina da sassafe aka kira shi, ranar wata Laraba, a gidansa na gindin dutse a Kazaure. Ɗan goggona ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a al'ada bawana ne, ko da yake shekara saba'in da ɗoriya ko buta bai taɓa ɗaukar mini ba. Ya girme ni da damina biyu. Malamin kimiyya ne har ya yi ritaya, kuma shi ne ya rubuta wa yara littattafan nan na kumbo da taurari da mutum-mutumi, waɗanda in dai ka yi firamare tsakanin Roni da Babura da wuya ka ce ɗaya bai taɓa shiga hannunka ba. Autarsa ce ta ce in rubuta abin da na sani a kansa. Na ce mata ni a aji huɗu motata ta tsaya. Ta ce ai shi ma ya sani, kuma hakan bai hana shi karanta mini kusan kowane littafi kafin ya kai maɗaba'a ba. To ga shi nan. Inda kuka ga harafi ya karkace, ku tallafe shi.

Da aka jera sahu a ƙofar gida, kafin a yi kabbara, liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya saɓa wa ya dubi Allah ya yafe masa. Magana ce da ake yi a kowace jana'iza, a amsa da "mun yafe" a wuce. Amma ran nan sai da rabin sahu suka waiwayo suka dube ni, wasu har da murmushi. Kowa ya san cewa shekara talatin da wani abu, duk inda muka haɗu gaisuwarmu ɗaya ce. Shi ya ce, "Gwangwani, an yafe?" Ni in ce, "Ban yafe ba." Jira suke in ba su dariya ko in ba su kuka. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Abin da ba su sani ba shi ne, kwana biyu kafin nan, yana kwance, ya tambaye ni, kuma amsar da na ba shi ke nan. Da ita muka rabu. Muna dawowa daga maƙabarta mai ɗakinsa ta aiko a ce mini kada in koma Roni sai an yi addu'ar uku, tana da tambaya.

Kwana ukun nan a ƙarƙashin rumfa na yi su, ina sauraron yadda ake rabon mutum ɗaya, kowa da tsokar da ya sani. Tsofaffin ma'aikata, masu manyan riguna da ciwon gwiwa, suka ce mutum ne mai riƙon amana, bai taɓa makara a aji ba. Gaskiya ne. Sai dai ko ɗayansu bai ambaci littattafan ba, kamar wata lalura ce da ya yi fama da ita a ɓoye. Mai kemis na bakin kasuwa, mutumin kudu ne Kirista da ya tsufa a garin nan, ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarmata. Shi ne ya fara sayar da littattafan, a kanta ɗaya da maganin tari.

Ya ce, "Baba Gwangwani, yanzu wa zai zo ya ce da gangan na jera littafinsa kusa da maganin barci?"

Ya yi dariya, sai kuma ya ciro hankici.

Wata mata ta zo daga Gwiwa, sana'arta haɗa wa rijiyoyin burtsatse wutar sola. Ta shiga wajen mata, ta fito, ta rusuna daga nesa ta gaishe mu. A hannunta akwai wani littafi da suka rabu da bangonsa tun tuni. Ta ce tana aji biyar ta karanta shi, ta rubuto wa marigayi wasiƙa cewa ruwan da ya zuba wa mutanen kumbon da ke cikin labarin ba zai kai su shekara ba, ƙishirwa za ta kashe su a hanya. Ya amsa mata da shafi uku. Ya ce ta yi gaskiya, ya hallaka bayin Allah da ganganci, yana roƙon ta taya shi a ceto su a bugu na biyu.

Ta ce, "Baba, har yau aikin da ya ba ni nake yi."

Ni dai ina jin su ina gyaɗa kai, hankalina yana kan tambayar da ke jira na a cikin gida.

Bari in faɗi yadda yake aiki, don wannan ni kaɗai na sani ciki da bai. Duk Asabar yakan hau tsohon babur ɗinsa ya zo gonata ta bayan Roni, takardu a cikin jakar buhu. Mu zauna a gindin ɗorawa, ya gyara tabarau ya fara karantawa da ƙarfi, fensir a bayan kunne. In na yi hamma, ya zare fensir ya yi alama, shafin nan ya mutu ke nan. In na ce, "To sai aka yi yaya?" sai ya yi murmushi ya ƙi ci gaba sai ya sha fura. Ya ce hankalin ɗan aji huɗu yake nema, kuma a duk ƙasar Kazaure babu ɗan aji huɗun da ya daɗe a ajin kamar ni. Na ce na gode, bawa.

Ba irin masu tara wa yara bindigogin wuta da dodanni ba ne. Shi tambaya yake ɗaurawa a jikin kumbo ya harba sama. Akwai labarinsa na garin da aka ƙera injin da ke faɗin ranar da ruwa zai sauka ba kuskure, har mutane suka daina gaida juna da "ya ruwa?", sai wata yarinya ta fara neman sanin abin da garin ya yar a hanya. Akwai na kumbon da ya tashi da mutanen ƙauye guda da ƙasar noma cikin ɗaki ɗaya, tafiyar da sai jikoki ne za su ga ƙarshenta. A wannan na kama shi dumu-dumu. Ya sa suna shuka gero a ƙasa ɗaya shekara arba'in.

Na ce, "Malamin kimiyya, wace ƙasa ce za ta ɗauki gero shekara arba'in ba wake ba taki? Ko ta ubanka ce?"

Ya ce, "Ta kawuna ce, ubanka." Ya zare fensir. Mako biyu bai zo ba. Da ya dawo, kumbo ya samu wake da awaki shida.

A labarin nan ne kakar wasu yara ta rasu, kuma a duk kumbon babu ƙasa sai wadda ake ci daga gare ta. Har wajen liman ya je da tambayar inda za a binne ta, liman ya ce a ba shi mako guda ya duba littattafai. Da aka zo ƙarshe, sai ya tsayar da yaran a bakin gona riƙe da fartanya, ya rufe littafi. Na ce ya binne baiwar Allah nan mu huta.

Ya ce, "Kai in kai ne, ya za ka yi?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To yaron da ke karantawa ma bai sani ba, shi ya sa zai kwana yana tunani. Wanda ya tauna wa yaro abinci ya raina haƙoransa."

Wannan magana yakan faɗe ta har ga jikokinsa in sun kawo masa aikin gida.

Yanzu sai batun Gwangwani. Littafi ɗaya ne tak bai karanta mini ba kafin ya fito, kuma da na gan shi na san dalili. Labarin wani mutum-mutumi ne da aka aika wata busasshiyar duniya haƙar rijiya. Ana cikin ɗora masa karatu a ma'aikata wuta ta ɗauke, aka sallame shi da rabi. Sauran 'yan'uwansa sun san komai, ba sa tambayar kowa. Shi kuwa da yake rabi gare shi, komai sai ya tambaya, ya yi gardama, ya ɗanɗana ƙasa da yatsa. Yana karkata kai hagu in zai yi musu, yana fara kowace magana da "ni dai a iya ɗan sanina". Ko makaho ya shafa ya san ni ne. Wata guda da fitowar littafin, na shiga kasuwar Roni sayen igiya, yara suka biyo ni suna, "Gwangwani, a iya ɗan saninka nawa ne igiya?" Har matata ta ɗauka. Har mai unguwa.

Na hau acaɓa na same shi a makarantar da yake koyarwa, na ce ya ci mutuncina a gaban duniya, ban yafe ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na yi wata uku ban taka gidansa ba, sai da goggo, mahaifiyarsa, ta aiko ta ce in ba mu daina ba za ta haɗa mu ta zane, da furfurarmu da komai. Muka shirya. Amma kalmar ta zauna, ta zama gaisuwa. Kada wani ya ce ban karanta littafin ba. Na karanta shi sau huɗu, da yatsa a kan layi. Na san babu wanda yara suke so a ciki kamar Gwangwani, na san da ƙauna aka ƙera shi. To me ya hana ni cewa na yafe? Wasa ne, in ji ni. Taubashi in ya yafe, da me za a gaisa?

Sai dai akwai abin da mu biyu muka sani ba mu taɓa ɗaga murfinsa ba. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, goggo ta dawo da shi gidanmu, muka tashi a ɗaki ɗaya, muka shiga makaranta rana ɗaya. Muna aji huɗu ciwon baya ya kwantar da babana, gona tana neman hannu, dole a cire yaro ɗaya. Ba don in yabi kaina ba, a lissafi ina gabansa. Amma wane dattijo ne zai cire maraya, ɗan ƙanwarsa, ya bar ɗan cikinsa a makaranta? Da wane ido zai dubi gari? Babana ya yi kara, irin ta mutanen da, ni aka miƙa wa fartanya. Babu wanda ya yi laifi. Haka wuta ta ɗauke.

Shi kuma bai taɓa yi mini gorin karatu na gaske ba, sai na wasa. Akwai ranar da muka je wani ofis a Kazaure cike takardar taki. Ma'aikacin, saurayi ne mai agogo, ya ga ina jan biro kamar mai huɗa a fako, ya ce wa taubashina, "Malam, karɓi ka cike masa mana, akwai layi." Na miƙa masa takardar. Ya mayar da hannuwansa baya.

Ya ce wa saurayin, "Ɗana, mutumin nan shi yake gyara mini littafi. In ya yi jinkiri, kuskurenku yake dubawa. Jira za ka yi."

Ya tsaya a bayana kamar dogari har na kai layin ƙarshe. Muna fita ya ce, "Gwangwani, ka rubuta Roni da wasali uku." Ƙarya yake yi, na duba.

Ciwon nasa bai yi kama da na tafiya ba. Ƙafa ce ta kumbura, sai numfashi. Ranar Litinin da hantsi na je, na same shi a kan katifa a falo, an jingina shi da matasai, mai ɗakinsa tana yi masa fifita. Ya rame, amma idon nan na tsokana yana nan. Na ce bawa ya samu dalilin ƙin gaida ubangidansa. Ya ce ubangidan da ya zo dubiya hannu rabbana. Muka taɓa hira, ya tambayi gero, na ce ya fara fitar da kai. Da na miƙe zan tafi ya kamo bakin rigata.

Ya ce, "An yafe?"

Ban lura ba a lokacin, sai daga baya: bai ce Gwangwani ba. Kuma bai yi murmushi ba. Ni kuwa baki ya riga ya saba, kamar jakin da ya san hanyar gida. Na ce, "Ban yafe ba. Ka warke tukuna, ba na yafe wa mutum a kwance, kada a ce na ci da zuci." Har ina jin daɗin maganata. A zuciyata ina ganin in na ce na yafe, kamar na sallame shi ne. Na ce sai jibi. Ya saki rigar.

Jibin ce Laraba.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, autar ta zo ta yi mini jagora zuwa cikin gida. Mai ɗakinsa tana takaba, tana zaune a bayan labule, carbi a hannu, ina jin ƙarar 'ya'yansa. Shekara hamsin ina kiranta amarya, ita kuma tun fitowar littafin tana kirana mijin ƙarfe. Ran nan babu wanda ya tsokani wani. Na zauna a bakin ƙofa muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi, ta yi mini.

Ta ce, "Baffan yara, ranar da ka zo, bayan fitarka Malam bai ƙara magana ba har aka kira azahar. Na kawo kunu ya ƙi. Can sai ya ce mini, 'Kina ganin da gaske yake?' Na ce haba Malam, wasanku na kullum. Ya ce, 'Ba ta littafin nake nema ba. Ta makarantar nake nema. A kujerarsa na zauna, har na tsufa ban ce masa komai ba.' Ya ce in ka dawo zai faɗa maka da bakinsa, ba da dariya ba."

Carbin ya tsaya.

Ta ce, "Ni na ba shi amsa a madadinka, ban sani ba ko ƙarya na yi wa mai shirin tafiya. Shi ya sa na tsayar da kai. Wasa ne ko da gaske?"

Kalmar "wasa" tana kan harshena, a shirye, mai sauƙi. Da na faɗe ta da kowa ya huta. Amma mai takaba ba a yi mata ƙarya, kuma na ga inda saurin baki ya kai ni.

Na ce, "Hajiya, ranar da zai tafi makarantar kwana, motar katako ta zo ɗaukarsa. An saya masa akwatin ƙarfe sabo, kore. Duk gida aka fita rakiya. Yana ta waige yana kiran sunana, ni kuwa ina bayan rumbu a tsugune, ina jin sa, na ƙi fitowa. Shekarata goma sha uku. Yaron nan na bayan rumbu bai taɓa tashi daga wurin ba. Ni na girma, na yi aure, na ƙaunaci mijinki fiye da 'yan'uwan da muka fito ciki ɗaya. Amma duk sanda na ce ban yafe ba, kashi tara wasa ne, kashi ɗaya yaron nan ne yake magana. Kuma Malam ya fi kowa kunne."

Na ji tana jan hanci. Autar ta sunkuyar da kai.

Hajiya ta ce, "To yanzu fa?"

Na ce a kira mini babban ɗansa. Ya shigo ya durƙusa, mutum mai furfura a gemu, har yanzu in ya gan ni sai ya cire hula. Na ce shi da ƙanwarsa da mahaifiyarsu su zama shaida, tunda a sahu na kasa. Na ce na yafe wa ɗan goggona, duniya da lahira. Na yafe littafin, wanda dama babu abin yafewa a ciki. Na yafe kujerar, wadda ba shi ya ɗauka ba, ɗora shi aka yi, kuma ya zauna a kanta da kyau, ya ɗauki yaran ƙasar nan ya kai su inda ni ko da na gama aji goma ba zan kai su ba. Na yafe abin da ya sani da wanda bai sani ba.  Suka ce sun shaida.

Sannan na tambayi abin da ya rage. Na ce, "Hajiya, ni kuma fa? Mutum ya roƙe ni yana kwance na mayar masa da wasa. Bai bar wata magana a kaina ba?"

 Na san tana iya ƙirƙiro mini, don ta sanyaya mini rai, kuma da na karɓa. Ba ta yi ba.

Ta ce, "Bai bari ba, Baffan yara. Yana jiran Laraba ne. Wannan kuma sai kun haɗu."

To, haka ne. Ku da kuka karanta shi kuna yara, kuka tashi kuna ɗaga kai sama kuna tambaya, ku sa shi a addu'a, ku ɗan raɓa ni a gefe. Allah ya jiƙan bawana da bai taɓa yi mini bauta ba, ya yalwata masa makwanci, ya haskaka shi fiye da taurarin da ya yi ta ƙirga wa yara. Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma ya kyautata tawa, ya sa in na isa in tarar ya huce.